Idan Makin Ɗanmu Bai Kai Ba

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Mu nan Ingila lafiya lau, sai godiya. Sau biyu na saurari saƙonka na murya, don yadda ka kwararo zance sai ka ce sakamakon ɗan namu ya riga ya fito. Haba malam! Da sauran makonni uku fa. Na ga gara in rubuto maka a tsanake, tunda a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Ka ce jami'ar da yake so ta yi masa tayin gurbin karatun injiniya bisa sharaɗin ya kawo AAB, wato A biyu da B ɗaya a darussa uku, a jarrabawar A-level ta gama sakandare, ɗaya daga cikin A ɗin kuma ta zama a Lissafi, shi kuwa ya fito daga takardar Kemistiri jiki a sanyaye. In ya tashi da ABB, shi ke nan? Ba lallai ba ne. Amma kuma ba zan ce maka ka kwanta har da munshari ba.

Idan ya cika sharaɗin, dole su ɗauke shi, alkawari ne. Idan bai cika ba, wuƙa da nama sun koma hannunsu. Hukumar UCAS, wadda ake neman gurbin jami'a ta hannunta a Birtaniya, takan miƙa wa jami'o'i sakamakon kwanaki kaɗan kafin ɗalibai su gani, da sharaɗin su kama bakinsu. A kwanakin nan suke zama su yi ƙidaya: mutum nawa suka cika, kujera nawa ta rage. Dama tun farko sukan yi tayi fiye da kujerunsu, don sun san makin da malamai ke yi wa yara hasashe yakan zarce wanda suke samu. In an samu rara, sai a waiwayi waɗanda suka kusa. Shi ya sa ranar Alhamis ɗin nan ta tsakiyar Agusta da sakamako ke fita, wajen ƙarfe 8 na safe, yaro kan buɗe shafinsa na UCAS ya tarar an riga an yanke hukunci, tun bai je makaranta ya ga makinsa ba.

Haka aka yi da yarinyar wajena bara waccan. Da sassafe ta ga an ɗauke ta, gida ya kaure da guɗa. Da ta je makaranta ta buɗe ambulan, sai ta ga ashe a darasi ɗaya ba ta kai abin da aka nema ba. Ta dawo ta rasa na yi, kuka ko dariya. Ƙawarta kuwa, ita ma da rashin mataki ɗaya, a jami'a ɗaya amma a wani sashe, aka ce mata a'a. Sashen nasu ne ya cika, iyaka ke nan.

Ni dai a ganina, wannan sassauci ba tausayi ba ne, lissafi ne. Tun 2015 gwamnati ta daina ƙayyade wa jami'o'in Ingila yawan ɗaliban da za su ɗauka. Kuɗin makarantar ɗan ƙasa ya tsaya a fam 9,250 tun daga 2017, sai a 2025 ya ɗan motsa zuwa 9,535, alhali komai na ta tsada. Kujerar da ta zauna ba kowa asarar shekara uku ce. Ɗalibin waje irin naka kuwa yakan biya ninki biyu ko fiye, don haka ba sa son ya kuɓuce musu. Kada ka ji haushi, a nan aljihunka ma yana yi masa ceto. Inda lissafin ba ya aiki sosai shi ne likitanci, domin can har yanzu gwamnati ce ke ƙayyade gurabe, sai kuma irin su Okusfod da Kambirij, inda masu cika sharaɗi kaɗai sun kusa ishe su.

Kuma shekara ba ta gadon shekara. A 2020, da korona ta hana zama jarrabawa, hukumar Ofqual mai sa ido kan jarrabawa a Ingila ta yi amfani da wani lissafin kwamfuta da ya rage darajar kusan kashi 40 cikin 100 na sakamakon da malamai suka bayar. Aka yi ca, cikin kwana huɗu gwamnati ta janye. A 2021 kusan kashi 45 na sakamakon ya zama A ko sama, alhali a 2019 kashi 25 ne da 'yan kai. Manyan jami'o'i suka cika maƙil, wasu har kuɗi suka riƙa yi wa ɗalibai tayi don su haƙura sai baɗi. Wanda ya rasa mataki ɗaya a irin wannan shekara, wa zai saurare shi? Saboda haka labarin ɗan wane da aka ɗauka da maki kaza, ka ji shi kawai, kada ka gina ɗaki a kansa.

Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne Kemistiri ne ya ba shi tsoro, ba Lissafi ba. Masu koyar da injiniya sun fi kau da kai a darasi na uku a kan darasin da karatun ya dogara da shi.

To, ga abin da nake so ka yi. Tikitin da ka ce za ka yanka masa na makon da sakamako zai fito, ka ɗaga. Ranar sakamako ba ranar zama cikin jirgi ba ce. In shafinsa ya nuna ba a yanke hukunci ba, shi da bakinsa zai buga wa jami'ar waya, lambarsa ta UCAS a hannu. Kai ba za su yi magana da kai ba sai in ya sa sunanka a matsayin wakilinsa, kuma ko ya sa, na san ka, ka bar shi ya yi. Suna iya ba shi wani fanni makusanci, ko shekarar share fage, kuma yana da kwana biyar ya amsa. Kafin ya ce na'am ku yi shawara, don share fage ƙarin kuɗin shekara guda ne a wuyanka. In sun ƙi, zaɓinsa na ko-ta-kwana, wato jami'a ta biyu da ta nemi BBB, yana nan, kuma na yaba masa da bai zaɓi mai tsauri ba. In duka biyun sun kuɓuce, akwai Clearing, inda jami'o'i ke baje guraben da suka rage, har da wasu daga cikin 24 ɗin nan na ƙungiyar Russell ta manyan jami'o'in Birtaniya. Ya zauna tun yanzu ya rubuta guda huɗu ko biyar da lambobin wayarsu.

Idan kuma kaɗan ya rage ya haye, makarantarsa na iya neman a sake duba takardar cikin gaggawa, a sanar da jami'a. Sai dai maki na iya hawa, yana iya sauka. Zazzaɓin nan da ka ce ya yi a makon jarrabawa, ka tambayi makarantar yau ɗin nan ko ta sanar da hukumar jarrabawa da jami'ar. Uzurin da aka kawo kafin sakamako ya fi nauyi a kan wanda aka tuno bayan ya fito. Da zarar gurbi ya tabbata kuma, ya bi takardar CAS, shaidar jami'a cewa ta ɗauke shi, da gudu, don babu bizar karatu sai da ita.

Ka ce masa ya taho wajenmu ya yi makon. Maman yara ta riga ta gyara masa ɗaki, ni ma na ɗauki hutun ranar Alhamis ɗin. Allah ya ba shi sa'a, ya sa mu ji alheri. A gaida uwargida da kyau, a shafa mini kan auta.

Wassalam,
Naka har kullum.