Baba Rabaran, lissafin zumunta ya cika amma na kasa cin Jibin Ubangiji

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya aiki ya iyali, ya Mama? Ina sauraron shirinka duk Lahadi da yamma, kuma yadda naji ka amsa wa wani ɗan'uwa kwanakin baya ba tare da ka tozarta shi ba shine ya bani ƙarfin halin rubuto maka. Dan Allah in zaka karanta a rediyo ka karanta a haka, ban sa sunana ko na garinmu ba da gangan, garin ƙarami ne a gefen Zariya kuma mu masu bi ba mu da yawa, kowa ya san kowa.

Ni mace ce mai shekara 44, yarana 5, maigidana malamin firamare ne kuma yana cikin dattawan ikilisiya. Shekara 7 kenan ina riƙe da ma'ajin Zumuntar Mata a cocinmu. A cikin bangaskiya aka haife ni. Kakana Bamaguje ne daga wajen Malumfashi, ciwon kuturta ya kai shi Babbar Ruga a Katsina inda 'yan mishan suke jinyar kutare, acan yaji bishara ya karɓi Yesu, kuma tsohon Littafi Mai Tsarkinsa fassarar 1932 yana nan a akwatina har yau duk da bangon ya fita. Babana mai bishara ne, da keke ya gama rayuwarsa yana zaga ƙauyuka, wani lokaci albashinsa damin dawa ne. Na faɗi wannan ne dan ka san ba rashin sani ya sa na yi abin da na yi ba. Na sani sarai.

Ka tuna wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, mutum da kuɗinsa a banki amma ya kwana da yunwa, masu POS suna sayar mana da naira da naira. To a lokacin matanmu sun sha wuya sosai wajen ciro kuɗin zumunta, har wata tsohuwa ta faɗi a layin banki, shine bayan abubuwa sun lafa kwamiti suka ce daga yanzu kuɗin ya zauna a hannuna a gida tunda sun yarda dani. Kuɗin kuwa ba na kowa bane illa na gwauraye da marayu da ɗan taimakon da muke kai wa matan masu bishara a ƙauye, ana tara shi ne da baikon ranar Talata da ɗari biyu-biyu da kwanon masara da mata suke kawowa lokacin godiyar kaka a sayar. Zuwa Nuwamba 2023 ya kai 320,000.

A lokacin an riga an cire tallafin mai tun watan Mayu, komai ya tashi, albashin maigida baya kai mu sati biyu. Ina ɗan taɓa sana'ar hatsi dama, kuma duk wanda ke shiga kasuwar Giwa ya san masara zata yi tsada in aka shiga bazara. Sai zuciya ta fara ce min ai kuɗin nan yana kwance ne kawai a ƙarƙashin akwati, ara zaki yi ba sata ba, kafin a neme shi kin mayar. Kwana 3 ina kokawa da abin, ranar kasuwa na ɗauki 300,000 na sayi buhu 9 na ajiye a ɗakin wata 'yar'uwata a wani gari, ban gaya wa kowa ba har maigida. Ragowar 20,000 ta tafi a hidimar Kirsimeti ta zumunta.

Baba ga inda abin yake. A watan Janairu 2024 wata gwauruwa cikinmu, wadda 'yan bindiga suka kashe mijinta a gona, ta zo wurin Uwar Zumunta, wato shugabarmu, tana kuka akan kuɗin rijistar WAEC na 'yarta ta fari, 45,000 makaranta ta ce harda sauran caje-caje, kuma saura kwanaki a rufe. Rance ma ta roƙa, ba kyauta ba, ta ce zata biya in ta sayar da akuyarta bayan ta haihu. Yarinyar nan na santa tun tana goye, tana cikin kwaya wato mawaƙan coci, ita ke karanta nassi da Turanci in an yi baƙi, burinta ta shiga makarantar koyon jinya ta Wusasa. Uwar Zumunta ta kira ni a gaban mata 4 na kwamiti ta ce ma'aji a ciro mata. Ni kuma na buɗe baki na ce ai saboda tsoron ɓarayi na kai kuɗin banki na kulle shi na wata 6, ba'a iya taɓawa sai Yuni. Haka maganar ta fito sumul kaman na daɗe da shirya ta. Har suka yaba min wai nayi hankali. Aka yi ɗan karo-karo a wurin aka samu 11,000, bai kai ba, aka rufe rijista.

Abin da yafi damuna, zan iya sayar da buhu biyu a satin nan in ba ta. Babu abin da ya hana ni sai tsoron kar a tambaye ni ina na samu, da kuma, in faɗi gaskiya gaban Allah, ina jiran farashi ya ƙara hawa.

Ya kuma hau. A watan Yuni na sayar, kuɗin ya kusa ninkawa. Na mayar da 300,000 cif, na ɗora 15,000 a kai nace ruwan banki ne, ranar da na karanta rahoto mata suka tafa harda guɗa, Mama Fasto, matar fastonmu, ta yi min addu'a ta musamman tana kirana amintacciyar baiwa. Da ribar na sayi injin markaɗe, na ce wa maigida adashe na kwasa. Injin yana ƙofar gidanmu yanzu haka, shi ke biyan kuɗin makarantar yarana.

Yarinyar kuwa tunda bata rubuta jarabawa ba ta zauna gida wata da watanni, daga baya wata mata ta kai ta aikatau wajen Mararaba kusa da Abuja. Wajen Ista na 2025 ta dawo da ciki, wanda ya yi mata ya gudu. Dattawa suka zauna, cikinsu harda maigidana, aka sa ta a horo, aka cire ta daga kwaya, aka hana ta Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi a coci. Yanzu tana zama a bencin baya da jaririnta, bata ɗaga kai. Ni kuma ina layin gaba da ankon zumunta, ni ke tashi in karɓi baiko. Na san ita ma tana da nata alhakin, ban ce ni na kai ta Mararaba ba, amma Baba duk lissafin da nayi yana dawowa kan ranar nan ta Janairu da na buɗe baki nayi ƙarya. Nata zunubin ya fito a jiki kowa ya gani, nawa yana ƙofar gida yana markaɗa wa mutane tattasai.

Tun daga ranar da aka sanar da horonta ban ƙara cin Jibi ba. In an zo rabawa sai in fita kaman zan duba yara a Sande Sukul. Wata 3 na farko babu wanda ya lura, yanzu maigida ya fara tambaya. Addu'a kuwa na yi, nayi azumi, na durƙusa a ɗaki da Zabura 51 ina kuka har muryata ta dishe, kuma na gaskata abin da 1 Yohanna 1:9 ta ce cewa in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne zai gafarta mana. Amma da na tashi daga gwiwa sai in tuna Zakka a Luka 19, shi bai tsaya a kan baƙin ciki ba, a tsaye gaban jama'a ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa kuma wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu, bayan nan ne Yesu ya ce ceto ya zo gidan. Na kuma ci karo da Littafin Firistoci sura 6 inda aka yi maganar wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya, cewa ya mayar da shi ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi. Labarin Hananiya da Safiratu kuma bana iya karanta shi har ƙarshe yanzu, dan su ma kuɗi suka kawo gaban manzanni, ba rashin kawowa ya kashe su ba, ƙaryar ce.

Mutum ɗaya na taɓa gaya wa, 'yar'uwar nan da na ajiye masarar a ɗakinta. Ita cewa tayi ciki ba dan tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuɗi dai kin mayar harda ƙari, Allah ya rufa miki asiri ke kuma zaki tona wa kanki? Ta ce in tuna mijina dattijo ne, in magana ta fita za'a ce da saninsa, ƙila ya sauka daga kujera akan laifin da bai san dashi ba. Ta ce in tuna yarana mata biyu da suka kusa aure. Ta ce matan da suke ƙoƙarin kawo ɗari biyunsu zasu daina, asusun gwaurayen ma ya mutu gaba ɗaya, kuma maƙwabtanmu Musulmi da muke zaman mutunci dasu, waɗanda suke kawo min markaɗe suna kirana Maman coci, zasu ji. Ba zan ce maganarta babu gaskiya a ciki ba, musamman ta asusun, na ga yadda irin wannan ta kashe zumunta a wani coci kusa damu, shekara biyu mata basu ƙara tara ko sisi ba.

Na gwada bin hanyarta. Na sa 50,000 a ambulan ba suna na tura wa gwauruwar ta hannun wani yaro, ranar Talata ta tashi ta ba da shaida tana kuka wai Allah ya aiko mata mala'ika, mata suna ta Halleluya. Baba ranar ji nayi kaman ƙasa ta tsage in shige. Na ga cewa ko alherin da nake yi a ɓoye ƙarya yake ƙara haifa.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa jira. Uwar Zumuntarmu ta tsufa, idonta ya raunana, ta ce zata sauka, za'a yi zaɓe ƙarshen watan gobe kuma ita da Mama Fasto sun zo har gida suka ce ni mata suke so, wai sun yi addu'a sun ga hannun Allah a kaina. Kuma bazan ɓoye maka ba ina son aikin nan da zuciya ɗaya. Ni na fara ajin koya wa tsofaffin mata karatu, yanzu mata 9 suna buɗe Littafin Waƙoƙi da kansu. Ni nake jan ziyara zuwa ƙauyukan da babana ya yi wa'azi. Tun ina yarinya nake jin cewa dan wannan hidimar Allah ya yi ni. In na ƙi ba tare da dalili ba ina tsoron na zama Yunusa mai gudun aike, in na karɓa da wannan abu a cikina kuma na tuna maganar Sama'ila ga Saul cewa biyayya ta fi hadaya, shi ma ai cewa yayi dabbobin da ya bari da rai na hadaya ne.

To Baba ka taimake ni da waɗannan, ka faɗa min kai tsaye ko da zai yi zafi. Tuban da nayi tsakanina da Allah a ɗaki ya isa, ko sai na furta wa mutane? In sai na furta, wa zan fara gaya wa, maigida ko Fasto ko ita gwauruwar da 'yarta, kuma dole ne sai na tsaya gaban dukan zumunta ko kwamitin mata 4 da nayi wa ƙaryar sun wadatar? Injin nan na waye, nawa ne ko na gwauraye, in sayar in kawo kuɗin ko in miƙa shi yadda yake? Ina so in ɗauki nauyin yarinyar ta rubuta jarabawa ko ta masu zaman kansu ce da ake yi ƙarshen shekara, in riƙe mata jaririn in tana karatu, amma ina so inyi shi da fuskata a buɗe, ta san dalili, kuma ina tsoron ranar da zata kalle ni bayan ta sani. In dattawa suka ce horo, na shirya in koma bencin baya kusa da ita, wannan baya bani tsoro kaman yadda nake tsoron fuskar maigidana, mutumin da bai taɓa cin naira ɗaya ta kowa ba kuma shekara 23 bai taɓa tambayata lissafi ba.

Sannan maganar zaɓe, in ce musu a'a yanzu kafin komai, ko in faɗi gaskiya tukuna in bar su su yanke da kansu? Wanda ya ci amana irin wannan yana iya komawa hidima wata rana, ko shikenan na rufe wa kaina ƙofa?

Mama Fasto ta ce zata dawo jin amsata nan da sati biyu. Dan Allah in zai yiwu ka amsa min a shirin wannan Lahadin ko na sama, zan kashe injin in zauna kusa da rediyo. Ka sa ni a addu'a, ka sa yarinyar nan da mahaifiyarta ma.

Ni ce 'yarka cikin Ubangiji,
wata ma'ajin zumunta daga gefen Zariya