Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kano: wanda ya ƙulla leda, shi ya kwashe ta

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, ragon layyata ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Wata huɗu ina kiwonsa a ƙofar gida, dussa da harawa ba su yanke masa ba, amma kullum sai ƙara ramewa yake, ciki kuwa kamar tulu. Ranar Sallah da mahauci ya farke tumbin, sai ga wani curi ya kai girman kan jariri, ledojin fiya wata da na biskit sun murɗe sun zama igiya. Mahaucin ko a jikinsa. Ya ɗaga curin da bakin wuƙa ya ce, "Alhaji, ai wannan kullum ne." Wannan "kullum" ɗin ita ta tsaya mini a rai.

Na taso na ga shara tana da daraja a garin nan. Da rani manoman Ungogo da Gezawa da Kumbotso kan shigo birni da jakuna, su cika mangala da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, su kai gona. Abin da birni ya ci ya rage, shi ke komawa ƙasa ya fito da gero da dawa a sake kawo wa birnin. Mai ƙuli-ƙuli ta matse mai, tunkuzar ta zama abin sayarwa, ɓawon gyaɗar ya shiga murhu. Mai surfe ta ware dussa, ruwan tsarin ma akuya ke shanyewa. Ba mu san wani dogon Turanci a kan kare muhalli ba, amma babu abin da ke fita daga sana'ar abinci ya rasa inda za shi. Yau manomin da aka juye wa tifar shara a gona sai ya yi kwanaki yana tsince leda, kuma duk tsiyarsa garma za ta riƙa tono ta shekara da shekaru.

Kada a ɗauka ina gaba da masana'antu. Duk wanda ya san Bompai da Sharaɗa da Challawa lokacin da jiniya ke tashin ma'aikata, ya kuma ga yadda da yawa suka koma kango ko sito, ba zai so a rufe ko guda ɗaya ba. Kamfanonin shinkafa da na man gyaɗa da na lemo da gidajen burodi su ne rufin asirin dubban gidaje. Fiya wata kuwa, mu faɗi gaskiya, bushewar famfo ce ta haife ta. Da ruwa na zuwa, da ba a ga jakarta a kowane shago ba.

Maganata a kan lissafi ce. Jakar fiya wata ɗaya leda ashirin ce, ga ta ashirin da ɗaya da aka ƙunshe su. Mai kamfani ya lissafa kuɗin dizal da na leda da na direba, ya ɗora ribarsa, mota ta fita daga ƙofa, shi ke nan ya wanke hannu. Ragowar lissafin mu ke biya. Mu ke fitowa Asabar ɗin ƙarshen wata da shebur muna yashe lambatu. Ma'aikatan REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, ke kwasa da kuɗin harajin jama'a. Idan ruwan Agusta ya sauko ya tarar da kwalbati a toshe, katangar talaka ce ke faɗuwa, ba ta kamfani ba.

Alhali mun taɓa ganin tsarin da ya yi aiki. Lokacin lemon kwalba, ba ka isa ka bar shago da kwalba ba sai ka ajiye kuɗi ko ka kawo wata. Motar kamfani ta sauke kires cike, ta ɗauki fanko. Wa ya taɓa ganin kwalbar lemo a kwata? Ba wa'azi ne ya hana ba, kuɗi ne a jikinta. Har gobe haka abin yake: 'yan jari-bola ba sa barin ƙarfe ko gwangwani ya kwana a juji, robar lemo ma masu zoɓo da kunun aya na nemanta. Ledar fiya wata ce marainiya, don sai yaro ya wuni yana tara ta kafin ta motsa sikeli.

To a sa mata kuɗi, ranka ya daɗe. Duk kamfanin da ke ƙulla ruwa ko lemo ko yogot a jihar nan, a ɗaura sabunta takardunsa da nauyin ledar da ya karɓo daga gari. Su haɗa kai su buɗe wuraren saye a unguwanni, da sikeli da farashi a rubuce a bango. Ranar da buhun leda ya zama kuɗin koko da ƙosai, ba sai an yi shela a rediyo ba. Masu narka roba suna buga bokiti da buta da silifas kuwa muna da su a garin nan. Ba ma sabuwar doka ake nema daga sama ba. Tun 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin muhalli na musamman ga masana'antun abinci da abin sha. Legas ta haramta farar robar tekawe a Janairun 2024. Ni ban ce a kwaikwayi haramci ido rufe ba, don ba a ƙwace wa mai ƙishirwa moɗa sai an miƙa masa wata.

Sai batun ruwa, wanda ka fi ni sani nesa ba kusa ba, tunda a harkarsa ka yi aiki kafin siyasa. Rafin Getsi ne ke kwaso abin da Bompai ta zubar ya haɗe da Jakara, su gangara madatsar Wasai. Rafin Salanta kuma ya ɗauko na Sharaɗa ya nufi Kogin Challawa. A gaɓar Getsi da Jakara mutane ke noman latas da alayyafo da kabeji da karas, da wannan ruwan suke ban-ruwa, kuma ganyen nan shi ne a kan shinkafa da wakenmu. Na san kaso mai tsoka na laifin na kamfanonin jima ne, kowa ma su yake nunawa. Sai dai a bayansu masu abinci ke fakewa. Ruwan da aka jiƙa shinkafa a kamfani, in ya kwana biyu a kwata, warinsa sai ya hana ka cin tuwo. Haka ruwan wanke injinan mai da na lemo, da maiƙonsa da sodarsa. Ga buntun shinkafa da wasu ke tarawa tsibi-tsibi su cinna wa wuta, hayaƙi ya kwana a ƙirjin unguwa, alhali makamashi ne da zai iya hura tukunyar turara shinkafar kanta.

A layinmu wani gidan fiya wata, ba zan kama suna ba, ya haƙa burtsatse biyu. Rijiyar gidanmu da ta shayar da mu tun zamanin mahaifina ba ta ƙara kai watan Maris da ruwa ba. Ruwan da injinsu ya tace ya ƙi kuwa, ta bututu yake kwarara cikin kwata dare da rana, a gaban 'yan garuwa da ke layi da kurarsu a wani wurin. Da an tara shi a tanki, ai ya yi wanki da ban-ruwan bishiyoyi. Ya kamata a san adadin burtsatsen kasuwanci da ke kowace unguwa, da zurfinsu, da abin da suke ja.

Roƙona ɗaya game da aiwatarwa: kada abin ya ƙare a kan matar da ke ƙulla zoɓo a firiza ɗaya, ko mai injin ruwa guda a shago. Mun san yadda ake yi, a cika mota da jami'ai, a garƙame wa ƙaramin kwaɗo, babban kuma a sha lemo a ofishinsa a fito. A fara da manya. Ƙananan da ba su da ƙarfin gina wurin tace gurɓataccen ruwa, a haɗa su a yi musu na tarayya, kowa ya biya gwargwadon abin da ya zubar. Sakamakon gwajin ruwan kowane kamfani kuma a riƙa liƙa shi inda mai unguwa da jama'arsa za su gani.

In ka samu sarari, ranka ya daɗe, ka zo gaɓar Getsi washegarin ruwan farko, ba tare da an sanar ba, don kada a share hanya. Ka tsaya wajen masu lambu, ka ce ɗaya daga cikinsu ya ɗebo maka ruwan da yake ba latas ɗinsa a cikin farin kofi.

Wassalam.

Naka,
wani magidanci daga ƙaramar hukumar Nassarawa, Kano.