Rahoton Ayyukan Shekara: Fitar da Tseren Gokat Kan Titin Gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, shugabanni da sauran mambobi maza da mata, ga rahoton abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a shekarar da muke bankwana da ita. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana cikin takardar ma'aji wadda za a raba a babban taro, don haka ba zan maimaita shi a nan ba. Kusan duk ƙarfinmu na bana ya tafi ne a kan ƙudurin da taron bara ya zartar, cewa mu fito da ƙananan motocinmu na tsere, wato gokat, daga filin atisaye, mu kai su kan titi inda jama'ar gari za su gani da idonsu. Alhamdulillahi an yi, kuma duk wanda ya fito ya koma gida da ƙafarsa.

Abin da ya kai mu titi

Filin da muke atisaye yana bayan katanga ne, kuma sai da kuɗi ake shiga. Yaran da ke zuwa su ne waɗanda iyayensu suka riga suka san wasan. Ɗan mai faci da ɗan mai shayi ba su san muna yi ba, alhali a cikinsu ne ake samun masu ɗaga babur da masu juya mota a tsakiyar titi ranar ɗaurin aure, ba hular kwano, ba shinge, ba mai tsawatarwa. Sha'awar gudu tana jininsu, kuma wa'azi kaɗai bai cire ta ba. Mun ga ya fi dacewa mu nuna musu wurin da ake gudu bisa doka, a ci kofi, a tashi lafiya.

Shi kansa wasan ba a gidan masu kuɗi aka haife shi ba. A shekarar 1956 wani makaniken motocin tsere mai suna Art Ingels ya haɗa gokat ta farko a jihar Kalifoniya ta Amurka, da bututun ƙarfe da ɗan injin yankan ciyawa, kuma a filin ajiye motoci aka fara fafatawa da irinta. Daga kan wannan ƙaramar mota manyan direbobin duniya suka taso. Ayrton Senna na Barazil da Michael Schumacher na Jamus duk da ita suka fara. Lewis Hamilton, wanda ya ci kambun Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, har sau bakwai, ya soma tseren gokat a 1993 yana ɗan shekara takwas, mahaifinsa na haɗa ayyuka daban-daban don ya biya kuɗin taya da mai. Rabon da a yi gasar Formula 1 a nahiyar Afirka kuwa tun wannan shekarar ta 1993, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. Idan muna son wata rana a ga namu a can, daga ƙasa za a fara.

Neman izini

Wannan ne ya fi cin lokaci. Tambayar farko da aka yi mana a kowane ofis ita ce, a ina aka taɓa yin haka? Sai muka shirya takarda mai ɗauke da misalai biyu. Garin Rock Island da ke jihar Ilinoyi a Amurka ya fara rufe titunan tsakiyarsa don tseren gokat tun 1994, a hutun ranar ma'aikata na farkon Satumba, kuma kallo kyauta ne. Misali na biyu ya fi jan hankalin jami'ai. Japan ƙasa ce da ta shahara da ƙera motoci, amma ba a taɓa yin tseren motoci na gaba da gaba a kan titin jama'a a cikinta ba sai a watan Satumban 2020, a wani ƙaramin gari mai suna Gotsu da ke lardin Shimane. Da gokat aka yi shi, a zagayen da bai kai kilomita ɗaya ba, bayan an shafe shekaru ana zama da 'yan sanda da mazauna garin. Bayan wannan, a watan Maris na 2024, sai ga gasar Formula E ta motoci masu lantarki a kan titunan Tokiyo.

Amma hujjar da ta fi shiga kunnen manyanmu ta gida ce. Duk shekara ana rufe tituna don hawan salla, dawakai su yi sukuwa, jama'a su jeru a gefe, dogarai da jami'an tsaro su tsare hanya. Bikin kamun kifi na Argungu ma an san shi da tseren motoci. Rufe titi don wasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, abin hawan ne kawai ya canza.

Takardun hukuma sun fito daga ƙaramar hukuma, da 'yan sanda, da masu kula da haɗurra da zirga-zirgar ababen hawa. Wani ofishi ya riƙe takardarmu har sai da muka ɗage ranar da muka fara sanarwa, abin da ya jawo mana asarar kuɗin buga sanarwa. Duk da haka, izinin da ya fi amfani a ranar shi ne na mutanen unguwa. Mun fara da mai unguwa, shi ya kai mu wurin dagaci, daga nan muka bi shago shago. Masu shaguna sun ce ranar kasuwa ba ta yiwuwa, muka karɓa. Limamin masallacin da ke kan titin ya nemi a tashi kafin azahar, muka tsara komai a kan haka. Wata dattijuwa ta tambaye mu, idan naƙuda ta kama surukarta da safiyar ranar, ta ina za a fita da ita? Wannan tambaya ce ta sa muka bar ƙofa ɗaya a shinge, da mutum biyu a tsaye, da yarjejeniyar cewa da zarar an buƙaci wucewa za a ɗaga jar tuta a tsai da tsere. 'Yan adaidaita sahu mun zauna da shugabannin tasharsu, suka amince su zagaya ta baya, har suka ba mu mutane suka taya mu tsare mahaɗar hanya.

Titi da shinge

Gokat ba ta yafe wa titi. Tsakanin cikinta da kwalta bai wuce faɗin yatsu biyu zuwa uku ba, kuma ba ta da sifirin da zai shanye mata gargada, duk abin da taya ta taka a bayan direba yake sauka. Ramin da motar gida za ta bi ba a ji ba yana iya lanƙwasa mata ƙarfen baya. Shi ya sa muka ƙi tituna masu kyan gani da yawa saboda tudun rage gudu ko lambatu buɗaɗɗe. Wanda muka zaɓa yana da miƙaƙƙen sashe gajere, da shataletale a ƙarshe ɗaya.

Da asubar ranar, kafin gari ya waye sosai, mambobi suka jeru kafaɗa da kafaɗa da tsintsiya suna share kwalta. An kwashe yashi, da ƙusoshi, da fasassun kwalabe, da murafun lemo masu yawan gaske. Yashi ne babban abokin gaba, domin tayar tsere sumul take ba zane, idan ta hau ƙura a kwana sai ta zame. Tsofaffin tayoyin da muka yi watanni muna tarawa a wurin masu faci an huda su an ɗaure da ƙusa mai noti, aka jera su a kowace kwana, saboda tayar da ba a ɗaure ba in an buge ta cikin jama'a take faɗawa. Jikin fitilun titi da bakin kwalbati mun toshe su da buhunan ƙaiƙayi da damin tattaka. Bayan tayoyi an bar fili, sannan igiyar da 'yan kallo za su tsaya a bayanta.

Muhawarar gudu

Dole in tsaya a nan, domin na san har yau akwai masu ƙorafi. Wasu daga cikin gwanayenmu sun so a fito da motoci masu inji 125cc irin na gasar ƙwararru, waɗanda ke wuce kilomita 100 a awa ba tare da wahala ba. Kwamiti ya ƙi. Mun tsaya a kan injin Honda GX200 da makamantansa, mai ƙarfin doki shida da rabi, irin wanda manoman rani ke ban ruwa da shi a fadama. Ra'ayina shi ne hukuncin ya yi daidai, kuma zan sake goyon bayansa badi. Titin aro ne, jama'ar da ke gefe ba su taɓa ganin irin wannan ba, shingenmu kuma na taya ne. Haɗari ɗaya da zai taɓa ɗan kallo ya isa a rufe mana ƙofa shekara da shekaru, ba mu kaɗai ba, har da duk wanda zai nemi irin wannan izini a wani gari.

Akwai kuma riba ta biyu. Injin da kowane makaniken janareta ya san cikinsa, wanda ake samun filoginsa da kafiretonsa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, shi ne zai sa wasan ya zauna a ƙasarmu. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, duk kayan da ake sayowa da dala sun fi ƙarfin yawancinmu. Tayoyin tsere da hulunan kwano masu inganci ne kaɗai muka ci gaba da odarsu daga waje. Da injin kowa ya zama iri ɗaya, sai aka ga hannun direba a fili. Tayoyin baya na gokat a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa, birki ma a baya kaɗai yake. Wanda ya shiga kwana da garaje sai motar ta ƙi lanƙwasa ko ta juya da shi, wanda ya taka birki da wuri ya saki a hankali shi ke fita da gudu.

Ranar tsere

An buɗe da addu'a, sannan alƙalin wasa ya yi wa direbobi da 'yan kallo bayanin tutoci ta lasifika: kore a tafi, rawaya a rage gudu kuma ba wuce juna, shuɗiya a ba na bayanka hanya, ja a tsaya, mai zanen dara baƙi da fari an kammala. Zagayen farko na yara ne da sababbin shiga, mota ɗaya bayan ɗaya tana kewaye robobin alama, ana auna lokaci da agogo, duk wanda ya ture roba a ƙara masa daƙiƙu. Manya ne kaɗai suka yi tseren gaba da gaba.

Sutura ta ba mu aiki. Sarƙa da sandar baya suna juyawa ne dab da bayan direba, duk ƙyallen da ke lilo suna iya fizgarsa. Mun hana hawa da babbar riga, da kaftani mai tsawo, da silifa. 'Yan mata kuwa, kwamitin mata ya ɗinka musu ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ake cusawa cikin rigar tsere, a sa hular kwano a kai, kuma wata mamba ce ke duba kowace kafin ta zauna. Iyaye da dama da suka zo da shakka sun saki jiki da suka ga haka. Wata yarinya 'yar firamare ta gama zagayenta ba ta taɓa roba ko ɗaya ba, matan da ke kan dakalin gidaje suka ɗauki guɗa.

An ɗaga jar tuta a tsakiyar tseren manya lokacin da samari suka tsallake igiya a wajen shataletale suna ɗaukar hoto da waya. Ba a ci gaba ba sai da 'yan sintirin unguwa suka mayar da su baya. Motar asibitin da muka yi haya ta makara, muka ƙi tayar da inji ko ɗaya har ta iso, wannan ya rage mana zagaye ɗaya daga jadawali. Sarƙar mota ɗaya ta tsinke, direba ya gangara gefe lafiya. Kafin kiran sallar azahar an kwashe tayoyi, an share titi, an buɗe wa motoci. Mai unguwa ya zagaya da kansa ya duba.

Sauran ayyuka

Mun kai motoci wasu makarantun sakandare da wata kwalejin koyon sana'a, inda aka kwance inji a gaban ɗalibai aka mayar. An horar da masu riƙe tuta, an kuma koya wa wasu mambobi taimakon gaggawa. Tun bayan tseren, masu neman rajistar 'ya'yansu sun fi motocin da muke da su yawa, kuma cikin sababbin masu zuwa atisaye akwai samarin da aka sani da wasan babur a unguwa. Mun yi rashin ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya bayan rashin lafiya, Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba iyalansa haƙuri.

Abubuwan da ke gaban babban taro

Kwamiti na neman amincewarku a kan sayen shingen roba da ake cika wa ruwa, ko da na sawa a kwana ne kawai, don mu rage dogaro da taya. Muna kuma neman a yanke hukunci kan inshorar direbobi da 'yan kallo, a amince da a ba masu walda na gida kwangilar ƙera firam, wato ƙarfen jikin gokat, bisa awo ɗaya, sannan a ware wani kaso na kuɗin wata-wata don yaran da iyayensu ba su da halin biya. Masu bashin kuɗin wata su daure su ga ma'aji kafin ranar taro, domin da shi za a fara biyan odar tayoyi. Duk mai son shiga kwamitin tsaro ko na hulɗa da unguwa ya ba da sunansa a sakatariya.

Muna godiya ga mai unguwa da dagaci, da limamin masallaci, da masu shaguna, da 'yan sintiri, da masu facin da suka ba mu taya kyauta. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa