Barka da Kirsimeti daga Ingila, da maganar waƙar Auta

Baba da Mama, barkanmu da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kowa lafiya, ya ƙafar Mama, da fatan da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau sai sanyi, ga rana tun kafin ƙarfe 4 ta faɗi, amma dai mun gode Allah.

Baba akwai maganar da nake so in yi tun watan jiya, na bari ne sai yau da nasan kowa na gida za a karanta tare. Auta ta gaya min tana so ta shiga ƙungiyar mawaƙa ta jami'arsu, kai kuma ka ce a'a, karatu aka tura ta ba waƙa ba. Na gane tsoronka sarai, kuɗin makaranta ba wasa ba ne, kuma kai ka sha wahalarsa. Amma dan Allah ka ɗan saurare ni, don ni ma ina cikin irin wannan ƙungiya a makarantarmu kuma na ga abin da ido na.

Jiya jajibiri na kunna rediyo na ji sujadar da BBC ke watsawa daga King's College ta jami'ar Kambirij, ƙarfe 3 na yamma agogon nan. Waɗannan mawaƙan fa ba jiya aka fara su ba, Sarki Henry na 6 ne ya kafa kwalejin a 1441, kuma tun a dokar kafa ta aka rubuta cewa dole a samu yara maza 16 masu waƙa a majami'ar, har yau 16 ɗin ne. Manyan muryoyin kuma yawanci ɗaliban jami'ar ne, wani lissafi yake karantawa wani tarihi wani harsuna, su je lacca da safe da yamma su sa riga su tsaya waƙa, kusan kullum in makaranta na ci, kuma kowa zai iya shiga ya zauna ya ji ba a biyan ko sisi. Ita sujadar jajibirin a 1918 aka soma ta, shugaban majami'ar a lokacin Eric Milner-White ya dawo ne daga yaƙin duniya na farko inda ya yi aikin limamin sojoji, ya ga mutane sun gaji da baƙin ciki, ɗaliban kwalejin da yawa sun tafi ba su dawo ba, sai ya shirya karatu tara daga Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi a tsakani. BBC ta fara watsawa a 1928, ko lokacin yaƙi na biyu da aka cire gilasan tagogin aka ɓoye saboda bam ba su fasa ba, cikin sanyin suka yi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne baitin farko yaro ɗaya ne ke rera shi shi kaɗai ba kiɗa, kuma ba a gaya masa shi ne sai daf da farawa, malamin waƙar ya nuna shi kawai, miliyoyin mutane na saurare. Baba ka duba irin horon da zai sa ƙaramin yaro ya iya haka.

Amma labarin da nake so Auta ta riƙe na Amurka ne. Akwai jami'ar Fisk a garin Nashbil, an buɗe ta a 1866 don baƙaƙen fata da aka 'yanta daga bauta. Shekara biyar kacal bashi ya kusa rufe ta. Sai ma'ajin makarantar George White, wanda shi ne kuma ke koya musu waƙa, ya ɗebi ɗalibai tara ranar 6 ga Oktoba 1871 suka kama hanya suna waƙa gari gari don tara kuɗi, yawancinsu cikin bauta aka haife su. Da farko wuya suka sha, wasu masaukai ma hana su kwana suke saboda launin fata, kuɗin da ake samu bai taka kara ya karya ba, sai da suka koma rera waƙoƙin da iyayensu ke yi a gonakin bauta, waɗanda da farko su kansu ba sa so su fito da su gaban Turawa saboda abin da suke tuna musu, nan ne fa ƙofa ta buɗe. A 1873 har gaban Sarauniya Biktoriya suka yi waƙa a nan Ingila. Da kuɗin muryarsu aka gina Jubilee Hall da aka buɗe a 1876, ginin yana nan, jami'ar na nan, ƙungiyar ma na nan, duk 6 ga Oktoba suna tunawa. Duk sanda na tuna ɗalibai tara ne suka hana makaranta guda mutuwa sai jikina ya yi sanyi.

Wasu ƙungiyoyin mawaƙa na jami'o'i ma da yawa, ta jami'ar Harbad a Amurka tun 1858 take, ta jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu tun 1936 kuma tana cikin waɗanda ake ji da su a duniya a fagen gasa.

To mu a tamu ga yadda abin yake. Farkon zango ake gwajin murya, malami ya buga maka sauti a fiyano ka bi, ya ga inda muryarka ta tsaya sama da ƙasa sannan ya ajiye ka inda ka dace, ni cikin masu kaurin murya aka sa ni. Koyon waƙa da yamma ne bayan an tashi lacca, kuma in kana fashi ba dalili ba za ka tsaya ranar taro ba komai daɗin muryarka. Mu ne ke waƙa ranar yaye ɗalibai, muna zuwa asibiti da gidan tsofaffi musamman irin wannan lokaci, masu ƙarfi har ƙasashen waje suke zuwa gasa. A nan na koyi karanta rubutun waƙa, na koyi zuwa wuri kan lokaci, na koyi rage muryata in ji na kusa da ni, don in mutum ɗaya ya ce sai an ji shi to ya ɓata na kowa. Kuma gaskiya Mama, lokacin da na zo ban san kowa ba, daga ɗaki sai laburare, waɗannan mutanen ne suka fara tambayata in ba su gan ni ba. Wanda ke tsaye kusa da ni likitanci yake karantawa kuma bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, in lokacin jarrabawa ya zo ma malamin da kansa yake rage mana kwanakin koyo.

Yarinya a jami'a dole za ta yi ƙawaye, ko mun so ko mun ƙi, ni na fi so in san da yamma tana wurin da ake kiran suna ana lura da wanda bai zo ba. Shawarata Baba ka bar ta zango ɗaya, ta kawo maka sakamakonta ka gani, in ya sauka ni da kaina zan ce ta bari. Auta ke kuma kin ji sharaɗin, kar ki ba ni kunya, kuma in an yi gwajin ki turo min in ji wace murya aka ba ki.

A gaida Kawu da Goggo da yaran Yaya duka. Zan kira da daddare in kun dawo daga sujada, a sa wayar Mama a caji dan Allah.

Ɗanku