A cikin waɗanda aka ba aikin, masu nakasa mai tsanani nawa ne?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirin rediyonku na daren 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, bai yi mani daɗi ba, kuma na ga gara in faɗa maku da in zauna ina gunaguni a bakin shago. Kun ba shugaban wata ƙungiya mai porjen samar wa nakasassu aiki fili tun daga farko har ƙarshe yana lissafa nakasassun da ya ce sun samar wa aikin yi a Maradi, ma'aikacinku kuwa ba abin da yake cewa sai madalla da Allah ya saka da alheri. Tambaya guda ce ta kamata a yi masa, ita ce kuma ba a yi ba: a cikin waɗanda kuka ɗauka, masu nakasa mai tsanani nawa ne? Da sunansu fa aka buɗe porjen. Haka aka rubuta a allon da ke ƙofar ofishinsu, haka shi kansa ya yi ta maimaitawa a bakin makirfonku.

Tunda bai amsa ba, ni zan amsa, domin ƙanena yana cikin waɗanda aka mayar gida.

Yaron nan haihuwarsa ta zo da gardama, Inna ta daɗe tana naƙuda kafin a kai ta asibiti. Yau shekararsa 26. Ba ya tafiya, ba ya zama sai an tokare shi da matashi, hannun hagu a naɗe yake, na dama kuma yana rawa. Maganarsa da nauyi take fita, baƙo sai ya kasa kunne sosai kafin ya gane. Amma kansa garau. Bai taɓa shiga lakkol ba, a littattafan ƙanwarmu ya koyi baƙi da lissafi tana karatu yana leƙe. Ni hatsi nake sayarwa, kuma duk bashin shagona a hannunsa yake. Yakan maƙale waya tsakanin gwiwarsa da matashi, ya riƙa danna lambobi da gaɓar ɗan ƙaramin yatsansa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɗauki tiya 3 ta gero tun kafin azumi, wanda ya kawo rabi ya ce sai ranar kasuwa, wanda ya sauya hanya don kada ya bi ta ƙofar shago, duk yana riƙe da su. Ban taɓa kama shi da kuskuren dala ɗaya ba.

Da muka ji sanarwar rajista, a gidan rediyonku ma muka ji ta, sai na ɗauki shatar adaidaita, domin ba a ɗora shi a kabu-kabu. Muka isa muka tarar da matakala a ƙofar ofishin, ofishin nakasassu fa. Na goya shi, wani bawan Allah ya ɗauko mana keken. Matar da ke teburin rajista ba ta dube shi ba ko sau ɗaya, ni take yi wa magana kamar ni na zo neman aikin. Zai iya zuwa kullum shi kaɗai? Zai iya shiga bayi shi kaɗai? Zai iya riƙe almakashi? Na ce a'a, a'a, a'a. Ta juyo mani da takarda ta nuna sana'o'in da ke akwai: ɗinki, saƙa, walda, haɗa sabulu, gyaran takalmi. Shi da kansa ya buɗe baki ya ce lissafi yake so. Ba ta gane ba, na maimaita mata. Ta ce babu wannan a jerin. Ta karɓi lambar wayata ta ce za a kira, har yau ana kira.

Ba mu kaɗai ba ne. A gindin bedin da ke ƙofar wurin na zauna da wani dattijo da ya yi jinya a asibitin kutare na Danja, kuturta ta tafi da yatsunsa, shi ma an ce ya zaɓa tsakanin ɗinki da saƙa. Akwai wata baiwar Allah daga wajen Tibiri da ta kawo 'yarta budurwa mai taɓin ƙwaƙwalwa tun haihuwa, yarinya mai tsafta, uwar ta ce ita ke tsince mata wake da gyaɗa yini guda ba ta gajiya. An ce ba za ta iya bin darasi ba. Duk muka koma yadda muka zo, kuɗin mota ne kawai ya tafi.

Su wa aka ɗauka? Mai ɗingishi, mai ido ɗaya, gurgun da hannuwansa ke da ƙarfi yana tuƙa kekensa ko'ina cikin gari. Wallahi ba na yi masu hassada, su ma mabuƙata ne, Allah ya sa albarka a abin da suka samu. Amma a kira abu da sunansa. Wanda ya yi haka daidai yake da likitan da ba ya karɓar kowa sai mai ciwon kai, sannan ya fito yana bugun ƙirji wai ba a taɓa mutuwa a hannunsa ba. Cikin baƙin da kuka sako muryarsu a shirin har da wani tela. Duk unguwarsu an san shi da keken ɗinki tun kafin a san da wannan ƙungiya. Sabon keke aka ba shi, Allah ya amfana, amma ba su suka mayar da shi tela ba. Da ma'aikacinku ya tambaye shi yaushe ya fara ɗinki, da maganar ta fito.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne abin da ya biyo bayan shirin. Washegari maƙwabta suka riƙa shigowa wajen Inna: ashe ana raba wa nakasassu aiki, ku me kuke jira da ba ku kai shi ba? Wata har da cewa ko dai mun fi son ya zauna a gida ne don a riƙa kawo mana sadaka. Tsohuwar nan ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, bayanta ya gama lalacewa, maganar da take yi kullum ita ce in ta mutu wa zai riƙe shi. Ita aka zo ana yi wa gori a ɗakinta saboda abin da aka ji a rediyonku. Mutanenmu in suka ji abu a rediyo sun ɗauka an gama bincike ke nan. Kun san da haka, shi ya sa nauyin yake kanku.

Kuma ba wai babu doka ba ce. Tun a 1993 Nijar ta kafa dokar kare nakasassu, mai lamba 93-012, wadda ta ce duk ma'aikatar gwamnati ko kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 20 ko fiye ya ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikinsa ga nakasassu. A 2008 ƙasar nan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, a watan Disamban 2019 kuma aka sake yin wata doka kan shigar da su cikin al'umma. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu nakasassu sama da 700,000 a Nijar, wato kashi 4.2 cikin 100. Ni mai awon hatsi na san wannan, a bakin 'yan ƙungiyar nakasassu ta ƙasa na ji shi, to ɗan jarida fa? Mutumin da ya ce aikinsa samar wa nakasassu aiki, ai sai a tambaye shi ƙofar kamfani nawa ya ƙwanƙwasa da wannan doka a hannunsa. Ko sau ɗaya ba a ambaci kashi 5 ɗin nan a shirin ba. Takardar shaidar koyon sana'a kawai aka yi ta ƙirgawa ana kiran ta aiki.

Maradi garin kasuwanci ne, kowa ya sani. Ku zagaya babbar kasuwa, ku bi hanyar Ɗan Isa, ku ga manyan shaguna da sito-sito na alhazai. Aikin zaune ya yi yawa a garin nan: mai rubuta buhunan da suka shiga da waɗanda suka fita, mai karɓar kuɗi a kantin magani, mai zama a tagar aika kuɗi, mai tsaron rumfar cajin waya, mai amsa kira. Ba ɗaya daga ciki da ke buƙatar ƙafa, wasu ko hannu biyu ba sa buƙata. Alhazan Maradi kuma ba marowata ba ne, ranar Juma'a a je a ga layin masu karɓar sadaka a ƙofar gidajensu. Abin da ba a taɓa roƙon su ba shi ne su ba mutum kujera da albashi. Wannan shi ne aikin da ya kamata ƙungiya ta yi, tunda tana da mota da ma'aikata da takardu masu tambari, in ta yi sallama a ƙofar Alhaji za a ce ta shigo. Ni in na je, cewa za a yi na zo maula.

Mai nakasa mai tsanani ba a tara shi a aji a koya masa abu guda tare da mutum 30. Gidansu ake zuwa, a zauna da shi a ga me yake iyawa, sannan a nemi aikin da ya dace da hakan. A je wajen mai shagon a yi masa bayani, a sassauta tebur in ya yi tsawo, a zuba siminti a ƙofa keke ya hau, a san wanda zai kai shi ya ɗauko shi, a samu wani ya zauna kusa da shi makonnin farko har mai shago ya saba da maganarsa. Na san da wuya, na san da tsada, na san a shekara ba za a samu adadin da za a karanta a rediyo a yi tafi ba. To ai don wuyar ne aka ba su kuɗin. In mai sauƙin suke so, su sauke allon su rubuta wani.

Neman mutanen ma ba a yi ba. Sanarwa aka bayar aka ce kowa ya zo ofis, alhali wanda ya fi kowa buƙata shi ne wanda ba ya iya fitowa. Sarkin guragu da sarkin makafi da masu unguwanni sun san gidan da ake da mutum kwance a ɗaki shekara da shekaru. Ba mu ga wanda ya zo unguwarmu ya tambaya ba.

Don haka ina roƙon ku ku sake shirin, kuma kada ku jira sai 31 ga Yuli ko wani 3 ga Disamba, ranakun da ake tunawa da nakasassu a raba hula da riga. Ku sake gayyato shugaban, ku ce ya zo da rajistarsa, ya faɗi nawa suka zo, nawa aka mayar, da dalilin mayar da su. Ku tambaye shi cikin waɗanda suka karɓi takarda nawa ne ke kan aiki yau, nawa ne suka sayar da keken ɗinkin da hatsi ya yi tsada. Sannan ku ɗauki na'urarku ku shiga gidaje. Ƙanena ya ce a shirye yake ya yi magana, sai dai ma'aikacinku ya yi haƙuri ya bar shi ya kai ƙarshen zancensa, kada ya juyo wajena.

Wani abu kuma, tunda na riga na ɗauki biro. Tallar mai maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shirye-shiryen dare ta wuce gona da iri. Lokacin cin tuwo ne, rediyo na tsakar gida, ga Inna ga matata ga yara, sai mutum ya ɓarke da zancen basir da ƙarfin maza da kalmomin da ko a tasha ba kowa ke faɗar su ba. A daren shirin nakasassun ma sai da kuka katse baƙonku kuka sako shi. In ba za ku iya rabuwa da kuɗinsa ba, ku mayar da shi bayan ƙarfe 11, lokacin da yara suka kwanta.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga unguwar Bagalam, Maradi