Kada Ka Sa Hannu Sai Ka Zo Gida

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, mu ma nan Sakkwato muna lafiya.

Ƙanwarka ce ta faɗa wa Hajiya cewa ritayarka ta ƙarato, kuma wani wakilin kamfanin inshora ya yi ta zarya gidanka har ka amince za ka miƙa musu abin da ka tara a asusunka na fansho, su riƙa biyanka duk wata iya tsawon ranka. Ban ji daɗin samun wannan labari a bakin mata ba, alhali ina raye.

Ban ce tsarin ba shi da amfani ba, domin ni da na haura tamanin na san darajar kuɗin da ba ya yankewa. Amma ko wakilin ya bayyana maka cewa lamunin magada na shekara 10 ne kacal? Idan ta Allah ta kasance a cikinsu, za a biya iyalinka na ragowar shekarun. Idan ka wuce su ko da wata ɗaya, ba su da ko sisi. Autarka shekararta 4. Jiya bayan sallar asuba na zauna a zaure ina ƙirgawa da yatsu, na ga a lokacin ko sakandare ba ta gama ba. Wannan ne yake hana ni barci.

Idan kuwa ka bar kuɗin a hannun kamfanin da ke kula da fanshonka, ana juya su kana karɓa wata-wata, to duk abin da ya rage bayanka gado ne da za a raba bisa shari'a. Daga nan kana iya komawa inshora daga baya, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. Kuma tun 2021 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe Asusu na 6 a kamfanonin fansho, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa.

Za ka ce ni ɗan tsohon tsari ne, na bar aiki tun kafin dokar fansho ta 2004. Haka ka ce lokacin gonar Wamakko, kuma ka ga yadda ta ƙare. Gaggawarka ce ba na so, ba wai na raina hankalinka ba.

Ka zo da takardun mu duba tare. Hajiya ta ce ka taho mata da takwararta. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.