Kafin ku buga kaso cikin ɗari, ku tambayi mutum nawa ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarku don mu ja hankali kan alƙaluman da ke yawan fitowa a labarai, musamman idan zaɓe ya matso ko an yi binciken lafiya: an tambayi mutane kaza, kashi kaza cikin ɗari sun ce e, sannan a ƙara da cewa kuskuren lissafin bai wuce kashi biyar ba. Wannan ƙarin yana da sharuɗɗa, kuma sau da yawa ba a cika su.

A ce ana son sanin kason gidajen birnin Katsina da ke kwana cikin gidan sauro. Ba za a shiga kowane gida ba, sai a ɗebi samfuri, misali gidaje 400. Da za a sake ɗebo wasu 400, kason zai ɗan bambanta. Idan aka yi ta maimaitawa aka zana sakamakon, mafi yawa za su taru kusa da kason gaskiya, su ragu daidai-wa-daida hagu da dama, zanen ya fito da siffar ƙararrawa. Masana ƙididdiga na kiranta rarrabuwar nomal. Abraham de Moivre ya fara nuna hakan a 1733, Laplace ya faɗaɗa shi daga baya. A kanta aka gina lissafin iyakar kuskure: a ninka kason masu e da kason masu a'a, a raba da yawan samfurin, a ɗauki tushen murabba'i (wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da abin da aka samu), a ninka da 1.96. Idan gidaje 160 cikin 400 suka ce e, kason 40 ne cikin ɗari, iyakar kuskure kusan 5, wato gaskiyar tana tsakanin 35 da 45 da tabbacin kashi 95.

Amma ƙararrawar ba ta fitowa sai masu e sun kai aƙalla 10, masu a'a ma sun kai 10. Wasu littattafan na yarda da 5, mu dai mun fi natsuwa da 10. Abin lura, ana duba ɓangaren da ya fi ƙanƙanta. A ce an gwada jinin mutum 100, biyu suka fito da wata cuta. Ɗari na da yawa a ido, amma biyu ne ke riƙe da lissafin. Idan aka bi ƙa'idar da muka kawo, za a samu daga ƙasa da sifiri zuwa kashi 4.7, alhali babu garin da masu ciwo suka gaza sifiri. Dalili shi ne zanen ya karkace: ta hagu ya ci karo da bangon sifiri, ta dama ya ja doguwar jela. Hasali ma, idan kason gaskiya 2 ne cikin ɗari, kusan samfuri 13 cikin kowane 100 ba zai kamo ko mutum ɗaya ba. Sai an gwada mutum 500 kafin a sa ran samun 10. In kuɗi bai kai ba, akwai hanyar da Edwin Wilson ya fitar a 1927, wadda a wannan misalin ke ba da kusan kashi 0.6 zuwa kashi 7. In kuwa ba a samu kowa ba, kada a rubuta cewa babu cutar. A raba 3 da yawan samfurin: cikin 100, tana iya kai wa kashi 3.

Inda aka fi zamewa shi ne wurin rarraba sakamako. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34. A ce an tambayi mutum 680, ashirin-ashirin daga kowace. Kason jiha baki ɗaya na iya tsayawa da ƙafarsa, in an yi la'akari da bambancin yawan jama'a. Amma da zarar an buga cewa kashi 30 na mutanen Daura sun ce e, mutum shida ake nufi. Biyu su canza ra'ayi, kason ya koma 20 ko 40.

Yawa kuma ba ya gyara mummunan zaɓe. Mai sayen masara a kasuwa ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfe tsakiya da ƙasa. Dole a zaɓi gidajen ta hanyar ƙuri'a, kowa na da damar shiga. Ƙuri'ar jin ra'ayi a Facebook ko ta masu kiran gidan rediyo ba ta da iyakar kuskure ko da mutum dubu goma suka amsa, domin su suka kawo kansu. Haka idan aka tsaya unguwa ɗaya aka bi gida-gida, maƙwabta kan yi kama da juna, sai gidaje 400 su ba da bayanin da bai kai na 400 ba, kuskuren ya fi wanda aka rubuta. Sannan samfurin kada ya wuce kashi 10 na jama'ar da aka ɗebo shi ciki; in ya wuce, kamar gidaje 150 a ƙauye mai gida 300, ƙa'idar na nuna kuskuren da ya fi na gaskiya girma, sai an yi mata gyara.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, duk wanda ya kawo muku irin wannan sakamako, wakilinku ya nemi yawan waɗanda aka tambaya, ainihin adadin masu e da masu a'a a kowane rukuni, da yadda aka zaɓo su, a buga su tare da kason.

Wassalam.

Wasu malaman lissafi da ƙididdiga,
Katsina.